Sauti ya ɗauke, kwamfuta na sarƙewa: abin yi bayan ka ɗora Windows 11 a kan kwamfutar da ka haɗa da hannunka

Wanda ya sayi kwamfutarsa a haɗe daga kamfani, idan ta kawo matsala yana da inda zai kai kuka: shafi ɗaya ne, ya rubuta lambar na'urarsa, a jero masa duk direbobin da suka dace da ita, wato ƙananan manhajojin da ke sa kayan cikinta su yi aiki da Windows. Kai da ka samo madabod, wato babban allon da komai ke haɗuwa a kansa, daga wannan kamfani, katin hoto daga wancan, ka zauna ka ɗaure su da hannunka, kai ne kamfanin. Babu wanda ya taɓa gwada irin haɗin nan naka da Windows 11 kafin ranar da ka ɗora ta. Shi ya sa tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, jama'a suka yi ta ƙaura, masu irin wannan kwamfuta ba su rasa abin ƙorafi: ko lasifika ta yi gum, ko murya ta riƙa tsinkewa, ko komai ya daskare na ɗan lokaci sannan ya saki.

Yawancin wannan ana gyara shi ba tare da an sayi komai ba. Sharaɗin shi ne ka riƙa canza abu ɗaya, ka gwada, sannan ka wuce na gaba. Wanda ya taɓa abu biyar lokaci guda, ko ta gyaru bai san me ya gyara ta ba, in kuwa ta ƙara lalacewa ya yi gyaran gangar auzinawa.

Kafin ka taɓa komai

Akwai agogon da ya fara tafiya tun ranar da ka sabunta. Windows tana ajiye tsohuwar manhajarka a wata jaka mai suna Windows.old, ta ba ka kwana 10 ka koma idan sabuwar ba ta yi maka ba. Kwana 10 kaɗan ne ga mai neman bakin zaren matsalar da ba kullum take bayyana ba. Buɗe Terminal a matsayin mai iko, wato ka danna dama a kan Start ka zaɓi Terminal Admin, ka rubuta:

DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:60

Wannan zai kai wa'adin kwana 60, amma sai idan na farkon bai riga ya cika ba. Kada kuma neman sarari a faifai ya sa ka goge jakar nan.

Sai ka san kayanka da sunansu. Danna Windows da R, ka rubuta msinfo32. Layukan BaseBoard Manufacturer da BaseBoard Product su ne kamfani da samfurin madabod ɗinka, BIOS Version/Date kuma zai nuna maka lamba da shekarar BIOS, wato manhajar da ke zaune a cikin madabod tana tayar da kwamfuta kafin Windows. Rubuta su a takarda. Haka nan winver zai gaya maka wane zubin Windows 11 kake kai, 24H2 ne ko wani.

Idan jiya-jiya ka sabunta, kuma abin da kake gani nauyi ne kawai, ka bar ta a kunne ta kwana ɗaya ko biyu. A wannan tsakanin Windows tana sauke direbobi, tana sake lissafa fayiloli don bincike, kuma sau da yawa nauyin yana wucewa da kansa. In za ka sake kunna ta, yi amfani da Restart. Shut down a Windows ba cikakkiyar kashewa ba ce muddin Fast Startup na aiki: tana adana halin da direbobi suke ciki ne ta dawo da su yadda ta bar su, har da cutarsu.

Yanzu ka tantance abin da ke damunka, domin shiru daban, tsinkewa daban. Shiru kusan kullum yana nufin sautin ya bi wata hanya ko direban sauti ya samu matsala. Tsinkewa da ƙaraf-ƙaraf kuwa, sau da yawa direban sauti ba shi da laifi ko kaɗan.

Idan shiru ne gaba ɗaya

Fara da abin da ya fi sauƙi, wanda kuma ya fi yawan zama shi ne. Katin hotonka na NVIDIA ko AMD shi ma yana fitar da sauti ta wayar HDMI ko DisplayPort. Bayan sabuntawa, Windows kan ɗauki monita a matsayin wurin fitar sauti, alhali monitar ba ta da lasifika. Waƙa na tafiya, ma'aunin sauti na motsi, kai kuwa ba ka jin komai. Danna Windows da Ctrl da V, jerin wuraren fitar sauti zai bayyana, ka zaɓi Speakers ko sunan hedfon ɗinka.

In bai fito a jerin ba, rubuta mmsys.cpl a akwatin Run, wanda Windows da R ke buɗewa. Wannan tsohon allon sauti ne, kuma a ganina har yanzu ya fi na cikin Settings bayyana gaskiya. A shafin Playback ka danna dama a fili, ka sa alama a Show Disabled Devices da Show Disconnected Devices. Idan lasifikarka ta fito a dushe, danna mata Enable sannan Set as Default Device. Ka leƙa Volume mixer ma, don kowace manhaja tana iya samun nata wurin fitar sauti; akan samu komai na magana sai burauza kaɗai.

Daga nan ka sunkuya bayan akwati. Zare hedfon daga ramin gaba ka sa shi a koren rami na bayan madabod. In baya na magana gaba ba ya yi, to Windows ta fita daga zargi ko kuma saura kaɗan. Ramin gaba yana haɗe da madabod ta wata siririyar waya mai rubutun HD AUDIO, wadda ke shiga wasu ƙusoshi a ƙasan allon ta gefen hagu. ASUS na kiran wurin AAFP, MSI na kiransa JAUD1, Gigabyte kuma F_AUDIO. Wanda ya buɗe akwati lokacin shirin sabuntawa, ya ƙara ram ko ya canza faifai, zai iya gogar wayar nan ta yi sako-sako bai sani ba.

Idan gaba da baya duk shiru, danna dama a kan Start ka buɗe Device Manager, ka faɗaɗa Sound, video and game controllers. Abin da ka gani a nan shi zai nuna maka hanya. In ka ga High Definition Audio Device kawai, Windows ta ɗora direbanta na gama-gari. Yana aiki a mafi yawan lokuta, amma ba shi da allon saitin Realtek, kamfanin da ke ƙera guntun sautin yawancin madabod, da abubuwan da ke cikinsa. In ka ga alama mai ruwan ɗorawa, direban ya kasa tashi. In kuwa babu alamar Realtek sam, shiga BIOS ka duba ko an kashe HD Audio Controller. Abin lura: madabod masu guntun ALC4080 suna haɗa sautinsu ta USB ne a ciki, don haka za ka ga Realtek USB Audio, kuma direban ALC897 ko ALC1220 ba zai yi musu ba.

Ga yadda ake sake ɗora direban a tsanake. Je shafin samfurin madabod ɗinka a gidan kamfanin da ya ƙera shi, ka sauko da abu biyu na Windows 11: direban chipset, wato guntun da ke haɗa sassan madabod, da direban sauti. Ɗora na chipset tukuna, ka yi Restart. Sannan ka katse intanet, ka koma Device Manager, ka danna dama a kan na'urar sautin, Uninstall device, ka sa alama a Attempt to remove the driver for this device. Yi Restart, ka ɗora wanda ka sauko da shi, ka sake Restart, sannan ka mayar da intanet. Dalilin katse intanet shi ne Windows Update kan riga ka, ta cusa nata direban kafin ka gama. Sabbin direbobin Realtek ba sa zuwa da allon saiti a cikinsu. Realtek Audio Console daga Microsoft Store yake saukowa bayan direban ya zauna.

Manhajojin nan da ke alƙawarin sabunta maka duk direbobi da dannawa ɗaya, ka bar su inda ka gan su.

Sauran ƙananan abubuwa biyu. A services.msc ka tabbatar Windows Audio da Windows Audio Endpoint Builder suna Running. Idan kuma makirfo ne kawai ya ƙi, kafin ka zargi direba duba Settings, Privacy & security, Microphone; mai yiwuwa izini ne aka rufe. Masu tsohon katin sauti na daban ko na'urar ɗaukar murya su duba Windows Security, Device security, Core isolation. Tsarin Memory integrity yana hana tsofaffin direbobin da ba su dace da shi ba tashi. Maganin da ya fi shi ne sabon direba daga kamfanin. Kashe kariyar ya zama zaɓi na ƙarshe.

Idan sautin na tsinkewa ko yana ƙara

Fara da saiti. A mmsys.cpl ka buɗe Properties na lasifikarka, ka kashe duk wani enhancement, ka kashe Spatial sound. A shafin Advanced ka sa Default Format a 24 bit, 48000 Hz, sannan ka cire alamar Allow applications to take exclusive control of this device ka gwada. Kai lambar 192000 ba ya ƙara wa bidiyo ko wasa daɗin ji, aiki kawai yake ƙara wa na'ura. Manhajojin ƙawata sauti da ke zuwa tare da madabod, irin su Nahimic da Sonic Studio, suna shiga tsakanin Windows da direba. Idan zubin da kake da shi na zamanin Windows 10 ne, cire shi ka saurara.

Mai hedfon na Bluetooth da sautinsa ke komawa kamar na wayar tarho da zarar ya shiga kira ko wasa, wannan ba lalacewa ba ce. Da an buɗe makirfon hedfon ɗin, haɗin yana komawa tsarin kira mai ƙarancin inganci. Zaɓi wani makirfo daban a manhajar, sautin zai dawo.

In duk wannan bai yi ba, to ba a nan gizo ke saƙar ba. Windows tana tura sauti ne a gutsure, kowane gutsure na kusan milisakan 10, wato samfuri 480 a kan 48000 Hz. Dole na gaba ya iso kafin na hannu ya ƙare. Direbobi kuwa duk layi ɗaya suke bi wajen neman furosesa ta saurare su. Kamar masu ɗibar ruwa ne a famfo ɗaya: idan wani ya tsaya cika ganga, mai ɗan kofi sai ya jira. Duk lokacin da direban katin hoto ko na Wi-Fi ya riƙe furosesa fiye da ƙima, gutsuren sauti ya makara, kai kuma ka ji ƙas a kunnenka. Wannan shi masana ke kira jinkirin DPC.

Akwai manhaja mai suna LatencyMon ta kamfanin Resplendence da ke kama mai laifin. Kunna ta, ka sa abin da ke kawo maka tsinkewar, ka bar ta minti goma ko sha biyar, har ka ji abin ya faru tana aiki. Sai ka buɗe shafin Drivers ka jera su bisa Highest execution. Sunan da ke sama shi za ka bi. nvlddmkm.sys direban NVIDIA ne. dxgkrnl.sys na nuni ga ɓangaren hoto ko na wane kamfani ne. ndis.sys da tcpip.sys na nufin hanyar sadarwa. storport.sys na faifai ne. ACPI.sys ya shafi sarrafa wuta da BIOS. Wdf01000.sys ya fi wuyar sha'ani, domin gida ne da direbobi da yawa ke aiki ta cikinsa, galibi na kayan USB. A nan sai ka riƙa zare su ɗaya bayan ɗaya. Kada jan rubutun manhajar ya tayar maka da hankali idan kunnenka bai ji komai ba. Ana amfani da ita ne don gano tushen matsalar da ake ji.

In hanyar sadarwa ce, kashe katin Wi-Fi a Device Manager na ɗan lokaci. Tsinkewa ta tsaya? Sauko da sabon direbansa. In katin hoto ne, ɗora sabo a kan tsoho ba ya wadatarwa, don ragowar na Windows 10 na nan a ƙasa. Sauko da sabon direban da kuma Display Driver Uninstaller, wanda aka fi sani da DDU. Katse intanet, ka riƙe Shift ka danna Restart, ka bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, ka shiga Safe Mode. Share direban da DDU, ka dawo, ka ɗora sabon.

Masu na'urar sauti ta USB su shiga Power Options a Control Panel, Change plan settings, Change advanced power settings, su kashe USB selective suspend. Su kuma sa ta kai tsaye a bayan madabod maimakon ramin gaba ko mahaɗar USB. Tunda kana wurin, kashe Fast Startup a ƙarƙashin Choose what the power buttons do.

Akwai wata ƙara da ba ta da alaƙa da Windows. Idan kana jin zzz siriri da ke canzawa in ka motsa linzami ko wasa ya ɗauki zafi, wutar katin hoto ce ke kutsawa cikin layin sauti. Nisanta wayar HD AUDIO daga katin, ko ka koma ramin baya, ka sa lasifika da kwamfuta a soket ɗaya.

Masu Ryzen, ga taku

Windows 11 na buƙatar TPM 2.0, wato sashen tsaro da ke adana makullan sirri na kwamfuta. Yawancin masu haɗa kwamfuta ba su da guntun TPM na daban, sai suka shiga BIOS suka kunna wanda ke cikin furosesa: fTPM a AMD, PTT a Intel. To a watan Maris 2022 AMD ta tabbatar cewa a wasu kwamfutoci masu furosesarta ta Ryzen, fTPM kan tsaya dogon aiki da ma'ajiyar da ke kan madabod, komai ya dakata na ɗan lokaci. Alamarsa ba ta ɓuya: linzami ya yi tsalle, hoto ya sarƙe, murya ta koma kamar ta mutum-mutumi, sannan komai ya wuce kamar ba a yi ba. Mutum sai ya ɗora wa Windows 11 laifi, alhali makunnin da ya taɓa a BIOS don ya samu shigarta ne sila. Gyaran ya zo a BIOS masu AGESA 1.2.0.7 zuwa sama; AGESA shi ne ɓangaren BIOS da AMD ke ba masu ƙera madabod. Idan madabod ɗinka mai mazaunin furosesa na AM4 ne kuma takardar da ka rubuta ta nuna BIOS na 2021 ko kafin nan, ka fara da wannan kafin DDU da sauransu. Haka ma yankewar USB da ta addabi madabod irin B550 da X570, an magance ta tun AGESA 1.2.0.2.

Sabunta BIOS na son natsuwa. Abu na farko, duba ko faifanka a kulle yake da BitLocker ko Device encryption. Canjin BIOS kan sa TPM ta ƙi sakin makulli, kwamfuta ta tashi tana neman wata lamba mai alƙaluma 48 da ba ka taɓa gani ba. Nemo lambar a asusunka na Microsoft, a account.microsoft.com/devices/recoverykey, ka rubuta ta, sannan ka dakatar da kariyar da Suspend protection idan kana da Windows Pro. Sauko da fayil ɗin ainihin samfurinka, ka lura da lambar rev idan allon na da ita. Zuba shi a filashin da aka tsara da FAT32, ka yi aikin daga cikin BIOS: EZ Flash a ASUS, M-Flash a MSI, Q-Flash a Gigabyte, Instant Flash a ASRock. Kada wuta ta yanke ana tsakiyar aiki. In kana da UPS, ranar amfaninsa ke nan.

Bayan ta tashi, saitinka na da ya koma na asali. Sake kunna XMP ko EXPO don ram ta dawo gudunta, ka tabbatar fTPM da Secure Boot na kunne. Mai yiwuwa Windows ta ce ka sake saita PIN, wannan ba abin damuwa ba ne.

Ƙyaftawar allo, daskarewa, da sake kunna kai

Idan motsin allo ya yi nauyi, duba Settings, System, Display, Advanced display. Monita mai 144 Hz kan koma 60 bayan an canza direba. In allo ya yi baƙi ko ya tsaya, Windows da Ctrl da Shift da B tare suna sake tayar da direban hoto ba tare da ka kashe komai ba.

Don sanin abin da ke faɗuwa, rubuta perfmon /rel. Za ka ga jadawalin kwanaki da jajayen alamu. Danna kowace ka ga sunan manhajar da ta faɗi da lokacin. Ya fi Event Viewer sauƙin karantawa nesa ba kusa ba. Kuskuren Kernel-Power 41 da mutane ke yawan tsorata da shi, cewa kawai yake kwamfuta ta mutu ba shiri, ba ya faɗin dalili.

A Terminal Admin ka gudanar da DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, in ya gama ka bi shi da sfc /scannow. Sannan ka gwada tashi da kayan Microsoft kaɗai: a msconfig, shafin Services, sa alama a Hide all Microsoft services, danna Disable all, ka kashe abubuwan Startup a Task Manager, ka yi Restart. In matsalar ta ɓace, mayar da su rabi-rabi har ka kama ta. Manhajojin fitilun ado, na sarrafa fanka da na ƙara wa katin hoto gudu su ne na fara zargi, domin suna taɓa kayan ciki kai tsaye. In kwamfuta na faɗuwa da allon kuskure, shuɗi ko baƙi, kuma sunan kuskuren na canzawa kowane lokaci, kashe XMP ka yi kwana biyu a haka, ko ka gwada ram da MemTest86.

Wani lokaci kuma laifin na sabuntawar wata-wata ce. Ta Janairu 2025 ta hana wasu na'urorin sauti na USB aiki, Device Manager na nuna Code 10, har sai da Microsoft ta fitar da gyara. Kafin nan wasu zubin direban Intel Smart Sound Technology sun riƙa jawo shuɗin allo a furosesa na ƙarni na 11. Microsoft na jera irin waɗannan a shafinta na Windows release health, kuma duba shi na minti biyar zai iya hutar da kai wahalar yini guda. Idan matsalarka ta fara ne washegarin wata sabuntawa, je Windows Update, Update history, Uninstall updates, ka cire ta, ka dakatar da sabuntawa na mako ɗaya ko biyu. In direba ne aka canza maka, Roll Back Driver a Device Manager zai dawo da na baya.

In duk an yi bai yi ba

Saura hanya uku. Ta farko, gyara a wurin: sauko da ISO, wato fayil ɗin ɗora Windows 11, daga Microsoft, ka buɗe shi, ka kunna setup.exe, ka zaɓi Keep personal files and apps. Zai sake shimfiɗa Windows ya bar maka kayanka, sai dai ka sani yana maye gurbin Windows.old, hanyar komawa Windows 10 ta rufe ke nan. Komawar ita ce hanya ta biyu, don haka in kana tunaninta, ita za ka fara gwadawa: Settings, System, Recovery, Go back. Amfaninta a wurina na gwaji ne. Idan tsinkewar ta biyo ka har Windows 10, mai yiwuwa kayan ciki ne ko BIOS.

Ta uku ita ce sabon zubi daga filashi, kuma ga kwamfutar da ta shekara biyar tana tara direbobin kayan da aka riga aka cire, ita na fi yarda da ita. Kwashe fayilolinka zuwa wani faifai, ka tanadi direban chipset, na hanyar sadarwa, na hoto da na sauti a filashi tun kafin ka fara. Zare sauran faifai ka bar wanda za ka ɗora a kai kaɗai. Bayan ta tashi ka ɗora direbobin a wannan jerin, ka kunna sauti ka saurara na ɗan lokaci kafin ka ƙara ko da manhaja ɗaya, sannan ka riƙa ƙara su ɗaya-ɗaya kana saurare bayan kowace.